Allon da Kawu Ya Yi wa Mma

Ranar addu'ar uku ta Kawu, tsakar gidanmu na Salaga ya kasa ɗaukar jama'a, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin shagona. Ni na zauna kusa da mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ina amsa gaisuwa a madadinta, don tun da aka fita da yayanta ba ta iya cewa komai sai amin. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kowa ya faɗa. Amma da aka zauna aka fara tuna shi, sai na ga kamar mutum uku aka binne.

Mutanen Yendi, da ƙanin Mma, autansu, ya jagoranto, malamin zayyana suka zo yi wa ta'aziyya. Suka ce da wuya ka shiga wani gida a unguwarsu ba ka ga allon sauka na hannunsa a rataye ba. Telolin Bawku kuwa mota guda suka yi haya, duk da nisan hanya da halin da take ciki, kuma su mai gyaran keken ɗinki suka sani. Wata tsohuwar tela a cikinsu, mai Hausar kasuwa, ta riƙe hannun Mma ta ce, "Wannan mutum, in keke na ya lalace, shi ba ya taɓa. Ya ce ka taka. Na taka. Ya ce to, na ji wurin." Daga nan kuka ya ci ƙarfinta. Su kuma maƙwabtanmu na Salaga ba su san ko ɗaya daga ciki ba. Abin da suka sani tsoho ne mai koren tabarau da ke zama a shagona yana yi mini faɗa. Har wata ta matso ta tambaye ni ko hayaƙin injin nan nawa ne ya kama masa ƙirji. Allah ya taimake ta muna zaman makoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina tsoron kowa ya tafi da nasa yankin, 'ya'yana kuma su tashi ba su tuna komai sai tari da ƙorafi.

Kawu yayan Mma ne uwa ɗaya uba ɗaya. A Yendi aka haife su, a gidan malamai, can ya koyi zayyana, wato adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Abincinsa kuwa a Bawku ya same shi, a gyaran keken ɗinki. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Na yi wasu shekaru a hannunsa a Bawku ina makaranta, kuma a nan na san mutum ne da karkataccen abu ke hana shi sukuni. In ya shiga gidan mutane ya ga kalanda ta karkace, sai ya miƙe ya gyara kafin a gama gaisawa. Tabarma ma ba ta tsira ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana iya daidaita hancin mutum da sukundireba da tuni ya gyara nata.

Yana da wata ɗabi'a da ban fahimta ba sai da na girma. Duk lokacin da za a yaye 'yan mata masu koyon ɗinki, shi kan bi gidajensu tun kafin ranar, ba wanda ya kira shi, ya duba keken da iyaye suka saya wa kowacce. Yawanci tsofaffin kekuna ne da aka sake wa fenti. Sai ya zauna ya daidaita su har ɗinki ya fita sumul, don kada yarinya ta ji kunya a aikinta na farko. In an yi masa godiya sai ya ɓata rai, ya ce shi keken ya tausaya wa.

Da zaman Bawku ya ƙi daɗi, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe, ga matarsa ta rasu, ga hannunsa ya fara rawa, Mma ta matsa masa ya dawo wurinmu. Ya zo da jakar kayan aikinsa da buta, ya zauna a zaure kamar baƙon da ke jiran mota. Ba ya fita sai masallaci. Ni kuma lokacin na sayi ƙaramin injin leza na kafa a shagona. Abu ne kamar firam ɗin taga a kwance, da ɗan kai mai tafiya a kan bel, yana ƙona zane a jikin katako da haske, yana bin abin da aka zana a kwamfuta. Da shi nake yin maƙalan makulli da ƙananan kyaututtukan da ake rabawa a biki. Kawu ya leƙo sau ɗaya, ya ce abin wasan yara ne mai warin gobara, ya koma zaurensa.

Abin da ya fito da shi daga zauren Mma ce.

Mma ba ta sauke Alƙur'ani tana yarinya ba. Mahaifiyarsu ta rasu Mma tana tsakiyar karatu, aka cire ta daga makaranta aka kawo ta Salaga wurin gwaggonsu mai cinikin doya, kuma Kawu ne aka sa ya wanke allonta ya ba wani ɗalibi. Daga baya ya yi wa autansu zayyana, ya yi wa 'ya'yan dangi kaf, ya yi mini nawa, har jikoki ya fara yi wa kafin hannun ya ƙi. Ƙanwarsa ce kaɗai ba ta da shi. To, bayan ta bar zuwa kasuwa, Mma ta shiga makarantar manyan mata ta unguwarmu, tana tafe da ƙafa mai ciwo da tabarau a hanci, ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci har ranar da malamarsu ta aiko cewa ta kusa sauka, a fara shirin walima.

Da aka yi maganar allo, Mma ta yi dariya ta ce tsohuwa da zayyana, ai sai yara su yi mata waƙa. Amma da yamma muna tsince wake ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko hannun Yaya yana iya riƙe alƙalami har yanzu. Ban san Kawu ya ji ba. Washegari ina buɗe shago na same shi tsaye a bakin ƙofa da jakarsa.

Ya ce, "Uwata, wannan abin naki, yana iya jan layi miƙaƙƙe?"

Na ce ai aikinsa ke nan. Ya ce za mu gani.

Shirinsa shi ne injin ya ƙona masa zanen gefen allon, wato saƙar layukan da ke shiga ƙarƙashin juna suna fitowa kamar saƙar tabarma, shi kuma ya cika launi a ciki. Tsakiyar allon, inda ake rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a bar masa fili. Na ce me zai hana injin ya rubuta ayoyin ma, ko ya yi masa 'yar alama ya bi. Ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce wuta ba ta rubuta aya a allonsa, ko layin da zai bi bai yarda a ƙona a wurin ba. Muka zauna gaban kwamfuta yana nuna mini da yatsa mai rawa, ina jan layi, yana cewa goge. Bai yarda a kwafi nawa allon ba, wai kowa da saƙarsa.

Gwajin farko a kan kwali muka yi. Ni dai na ga abu ya fito kyakkyawa. Kawu ya ɗora koren tabarau na kare ido a kan nasa na gani, ga hula a sama, ya ɗaga kwalin ya kai hanci. Ya nuna mini inda layi ya zagayo zai haɗu da mafarinsa ya wuce ta gefe, da inda ya kamata ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya hau kansa. Ratar ba ta fi kaurin zaren ɗinki ba. Na ce wa zai gani. Ya ce Mma ta yi shekara nawa tana gane ruɓaɓɓiyar doya daga nesa, ita ce ba za ta gani ba?

Daga nan shagona ya zama nasa. Ya sa na zana masa da'ira ɗaya kawai, ita muke ta ƙonawa a kwali, don a cewarsa in da'ira ta rufe bakinta sauran ma za su rufe. Ba ta rufe ba. Ya taɓa bel ɗin ya ce ya saki, ya ɗaure shi. Ya ɗaure shi ya wuce kima, injin ya shiga gurnani, layin ya fito yana karkarwa. Na ce Kawu, wannan ba keken ɗinki ba ne. Ya ce ya sani, keken ɗinki yana da kunya. Ya sassauta kaɗan, gurnanin ya tafi, ratar ta ragu amma tana nan. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ya juya ƙusa ɗaya, a ƙona da'ira, ya duba, sannan ya juya wata. Ni mai gaggawa ce, wannan tafiyar hawainiya tana ci mini rai, ga shi hannunsa ba ya iya saka sukundireba a ramin ƙusa sai na riƙe masa bakin.

Shi ya gano cewa ɗan gargaren da bel ke hawa yana wasa a kan sandarsa. Ya sa na kashe injin, ya tura kan gaba ya dawo da shi baya da hannu, kunnensa a kusa, ya ce akwai wani ɗan ƙas da yake ji duk lokacin da aka juya. Wata 'yar ƙusa ce mitsitsiya a gefen gargaren ta kwance. Muka ɗaure ta, da'ira ta rufe. Na yi murna na ce an gama. Sai ya ce a ƙona murabba'i babba. Ya ciro zare daga jakarsa ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya auna ɗaya ɓangaren, zaren bai zo daidai ba. Firam ɗin kansa ne a karkace, tun ranar da na haɗa shi da hannuna ina kallon bidiyo a waya.

A nan muka yi faɗa. Ina da aikin wani biki da na yi alkawarin bayarwa, na je kasuwa sayo katako, na dawo na tarar Kawu ya warware injin gaba ɗaya, ƙusoshi a jere a kan faranti. Raina ya ɓaci, na ce masa shagon nan da shi nake ciyar da yara, ba wurin rage zaman banza ba ne. Shi ma bai bar ni ba, ya ce mai sayar wa mutane karkataccen abu ba ta da bakin magana. Na ce ba wanda ya taɓa dawo mini da kaya. Ya ce don ba su da ido ne. Ya tattara butarsa, washegari ya hau mota sai Yendi wurin autansu. Har yau ina ganin ina da gaskiya a maganar bikin, shi ma ya tafi yana ganin yana da tasa. Na haɗa injin ni kaɗai, amma da zarensa na auna kusurwoyin, don ya bar shi a kan teburin, kuma na san da gangan ya bari.

Mma ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina maimaita karatunta da ƙarfi a tsakar gida, ta koma yi a ɗaki. Wannan ya fi mini zafi a kan faɗa. Ina shirin kiran Yendi sai ga Kawu ya sauka daga keke mai ƙafa uku, rungume da sabon allo da wani masassaƙi ya fafe masa a can, da ƙullin garin launi, ja da rawaya da kore. Ya rame. Bai yi maganar faɗan ba, ni ma ban yi ba. Ya auna firam ɗin da zare, ya ce a kunna.

Ƙananan zane duk suka fito daidai. Amma da muka gwada cikakken zanen a kwali mai girman allon, sai rabin saƙar ya goce gefe ɗaya, kamar an ture injin yana tsakiyar aiki. Muka rage gudu, ya sake gocewa. Muka kafa ƙusoshi a katako don kada abin da ake zanawa ya motsa, ya sake. Kuma kullum a kusurwa ɗaya, ta nesa. Kawu ya duba bel, ya duba gargare, ya duba ƙafafun da kan ke gudu a kansu, bai sami komai ba. Ranar na ga tsoro a fuskarsa. Tari ya riga ya kama shi, ranar walima tana matsowa, allon kuma guda ɗaya ne, in wuta ta ɓata shi ba a gogewa. Ya zauna a kan benci ya ce da hannunsa na nan da bai wulaƙanta a gaban ƙarfe ba.

Mma ce ta shigo da koko, ta tsaya daga bakin ƙofa don na hana ta kallon hasken. Daga inda take tana hango bayan teburin, inda mu ba ma dubawa. Ta ce wannan igiyar wutar da ke bin kan injin tana maƙalewa a bakin teburi in ya tafi can ƙarshe, sai ta fizge shi ta sake. Ƙananan ayyukana ba sa kai kan har can, shi ya sa ban taɓa gani ba. Kawu ya ce ai yanzu yake shirin dubawa nan. Muka ɗaure igiyar a sama da tsumma a jikin wata ƙusa. Zanen ya fito cif, kowane layi ya shige inda ya kamata ya fito inda ya kamata. Sai da ya sa aka maimaita a kwali har ya gamsu, sannan ya ɗora allon da bismilla. Ban taɓa jin tsawon aiki irin na ranar ba.

Cika launin bai ba shi wahala sosai ba, don wutar ta yi ɗan kwari a katakon, launin yana tsayawa a ciki ko hannu ya yi rawa. Yana yi yana hutawa, da hantsi, lokacin da hannun ya fi lafawa. Allon ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Saura tsakiya.

Ya dafa tawadarsa da kansa, ya fere alƙalami, ya ce kowa ya ba shi wuri. Da ya daɗe bai kira ba na leƙa zauren. Ya gama rubutun, allon yana kan cinyarsa, shi kuma yana kallon bango. Haruffan duk suna nan, ba abin da ya ɓace, amma suna rawa, layukan suna gangarowa ƙasa, na ƙarshen ma kamar zai fita daga filin. Ga saƙa a gefe ba ko ratar gashi, ga rubutu a tsakiya kamar na mai koyo. Ya ce in kira masa Mma, ta zo da ruwa a ƙwarya.

Da ta zo ya ce mata, "Wanke shi. A kai wa auta ya rubuta miki. Hannunsa yana da kyau."

Mma ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta karɓi allon ta duba. Ta ce, "Yaya, sau ɗaya ka wanke mini allo. Ya isa."

Ya ce ba za a kai wannan gaban malamai a ce shi ya yi ba. Ta ce ba malamai aka yi wa ba. Ta gyara tabarau, ta zauna a gefen tabarmarsa, ta sa yatsa a kan harafin farko ta fara karantawa. Ni na fita, don kuka ya taso mini kuma Kawu ba ya son a yi masa kuka a ka. Daga tsakar gida ina jin muryarta har ta kai ƙarshe. Da ta fito da allon a ƙirjinta, ƙwaryar tana hannunta ɗaya, ta zuba ruwan a gindin bishiyar lemo.

Bai ga walimar ba. Ƙirjin ya tsananta, muka kai shi asibiti, aka riƙe shi, aka sallamo shi, ya cika a ɗakinsa da rana tsaka, Mma tana gefensa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ina kewar faɗansa. Har yanzu in na ɗaga aiki daga kan injin sai na kai shi kusa da hanci na duba inda layi ya haɗu, kuma ba wanda zai ce mini bai yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da iyayensa da matarsa a gidan rahama. Allah ya ba Mma haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

An ɗaga walimar sai bayan addu'ar arba'in. Autansu ya zo daga Yendi, ya ga allon, ya ja ni gefe ya ce in Mma ta yarda zai iya sake rubutun kafin baƙi su taru. Na ce ya je ya tambaye ta da kansa. Bai je ba. Mma ta zauna a tsakiyar mata da farin mayafi, allon a kan gwiwarta, ta karanta Fatiha ta shiga Baƙara, muryarta a tsaye. Ba ta tsaya ko'ina ba sai a layin ƙarshe, wanda ya gangaro ƙasa. Malamarsu ta ɗauka ta manta ne, ta buɗe baki za ta tuna mata. Mma ta ɗaga mata hannu. Ta san ayar sarai, muka jira ta.